Kaka da ƙananan yara: ki ba su aiki, kada su tsaya kallo

Da zarar ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, kika ga masu baro sun fara zagaya unguwa da ɗanyar gyaɗa mai ƙasa a jiki, to kaka ta shigo, ko kina birni ko kina ƙauye. A wurina babu lokacin da ya fi wannan daɗin tafiyar da yara a duk shekara. Taɓon damina ya bushe, sanyin hunturu bai kankama ba, abinci kuma ya sauko. Sai dai mu mazauna gari, abin da yaranmu suka sani na kaka bai wuce a ce musu an kawo tsaraba daga ƙauye ba. Yarinya tana shan kunun gyaɗa kullum, amma ki tambaye ta inda gyaɗa take fitowa, sai ta nuna miki bishiya.

Mu a Kano muke zaune, gidan su maigidana kuma yana wani ƙauye a ƙasar Bichi. Yarana uku: babbar tana firamare, na tsakiya bai cika shekara biyar ba, autar kuma har yanzu goya ta nake yi. Abin da zan faɗa a nan da su nake yin sa, kuma duk a kan abu guda ya tsaya, wato a ba yaro aikin gaske daidai hannunsa, aikin da ƙarshensa zai shiga tukunya ko ya shiga buhu. Yaro, komai ƙanƙantarsa, ya san bambancin aikin da aka ba shi don a rabu da shi da wanda ake jira ya gama. Na farkon minti biyar ya jefar ya koma neman wayarki. Na biyun kuwa sai kin ce masa ya isa haka.

Ki fara da lissafin lokacin da za ki kai su ƙauye. Kaka tana faɗowa ne a tsakiyar zangon farko na makaranta, ga islamiyya kuma tana cin Asabar da Lahadi a yawancin unguwanninmu. Saboda haka ki nemi izinin malaminsu tun da wuri, ko ki yi amfani da hutun 1 ga Oktoba in ya haɗu da ƙarshen mako. Kada ki ce sai hutun Disamba, domin kafin nan an kwashe kusan komai, sai ragowar dawa da kara. Ku tashi bayan sallar asuba. Aikin yaro a gona daga fitowar rana ne zuwa hantsi, awa ɗaya ko biyu. Ranar Oktoba ba ta da wasa, tana takewa sai a koma inuwa.

Kayan sawa kuma a bar na Sallah a gida. Tsohon dogon wando, riga mai dogon hannu, hula, da takalmi rufaffe. Silifa ba takalmin gona ba ne, ko don ƙaya da tsidau. Ƙarangiya dai babu makawa sai ta kama su. In za ki cire musu, ki jiƙa yatsunki da ruwa tukuna, ba za ta soke ki sosai ba, ko ki bi wandon da tsohon mataji.

Maganar takalmi tana da dalilin da ya fi ƙaya. Kaka lokacin maciji ne, musamman kububuwa, wadda take son kwanciya ƙarƙashin tarin harawa, da damin hatsi, da karan da aka jibge. Asibitin waɗanda maciji ya sara da ke Kaltungo a jihar Gombe ya fi cika a lokacin shuka da lokacin girbi. Dokar da na kafa wa nawa ita ce, duk abin da aka tara a ƙasa ya kwana, yaro ba ya ɗaga shi, ba ya cusa hannu a ƙarƙashinsa, sai babba ya fara juya shi da sanda. In kuma tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. A hana yaron tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi cak zuwa asibiti.

Gyaɗa ce aikin da ya fi dacewa da ƙaramin yaro, a kanta nake so in daɗe. In ƙasa tana da sauran laima, ko ɗan shekara huɗu zai iya cire tushe guda. Baffansu yakan sassauta ƙasar da fartanya, ya ce, “To Malam, kama nan, ja a hankali.” Yaron ya riƙe ganyen da hannu biyu ya ja, ƙasa ta buɗe, ga gyaɗa reto-reto. Ki bar shi ya karkaɗe ƙasar da kansa, ko da rabinta a kansa za ta ƙare. A nan ne nake nuna wa babbar yadda abin yake: furen gyaɗa rawaya ne, a sama yake fitowa, in ya bushe sai wani siririn tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ya nutse cikin ƙasa, a bakin wannan tsinken ne gyaɗar take ƙulluwa. Ki nemo mata tushen da yake da tsinken da bai kai ƙasa ba, ta gani da idonta.

Bayan cira sai tsinke 'ya'yan. Wannan aikin zaune ne, a inuwa, kan tabarma ko buhu. Kowane yaro ki ba shi ƙaramar ƙwaryarsa ko kwanonsa. Kada ki haɗa musu mazubi ɗaya, faɗa za ki raba. Kuma kada ki ba ƙarami babban kwanon da ba zai cika ba, domin ganin kwanon ya cika shi ne ladansa.

Sai kala, wadda ita ce suka fi so. In mai gona ya gama cire gyaɗarsa ya kwashe, akan bar yara su bi gonar suna tono abin da ya tsinke ya rage a ƙasa, kuma abin da yaro ya samu nasa ne. A da da kuɗin kala yaran ƙauye da yawa suke yin ɗinki. Ki koya musu su fara tambaya, “Baffa, a yi kala?” kafin su shiga, ko da gonar ta kakansu ce. Ki ba su guntun itace ko tsohon cokali su yi tono da shi, fartanya ta yi musu nauyi kuma suna iya sare ƙafar juna. Abin da suka samo ni nake saye a hannunsu bisa farashin kasuwa, mu auna da gwangwani a gabansu, kuɗin ya shiga asusu. Na tsakiyan har ciniki yake yi da ni, wai tasa ta fi ƙiba.

Ranar da aka ciro gyaɗa, ranar ake dafa ta. Su za su wanke, a canza ruwa har sai ya fita fes. A zuba a tukunya, ruwa ya sha kanta, a sa gishiri da ɗan yawa tunda sai ya ratsa ɓawo. Bayan kamar minti 40 ki ciro ɗaya ki fasa. In ta yi laushi ki sauke, ki tsane ruwan. Ki dafa daidai ci, domin dafaffiyar gyaɗa in ta kwana a rufe yauƙi take yi.

Abu biyu game da gyaɗa ba na sassauci a kansu. Yaron da bai kai shekara biyar ba ba a ba shi ƙwayar gyaɗa guda-guda ya watsa a baki, musamman yana gudu ko yana dariya, domin tana iya sarƙe shi ta bi hanyar numfashi. A murƙushe masa, ko a yi masa kunu. Haka gurjiya da aya. Na biyu, duk gyaɗar da ta yi fumfuna, ko ta yi baƙi, ko ta yanƙwane tana ɗaci, zubarwa ake yi. Tana ɗauke da gubar da ake kira afalatoksin, mai illa ga hanta, kuma suya ko dafuwa ba sa kashe ta. Tsince irin wannan gyaɗar ma aikin yara ne. Babbar tawa idonta ya fi nawa gani, ita na ɗora a kai.

Wake yana biye. Roron wake da sassafe ake yi, raɓa ba ta gama bushewa ba, domin in rana ta yi ɓawon yana fashewa a hannu waken ya zube. Ki nuna wa yaro bambancin wanda ya bushe ya yi fari-fari da wanda yake kore, ki rataya masa 'yar jaka. Zai haɗo da ɗanye, kada ki yi faɗa, a ware a dafa. Casar kuma ga dabarar da Goggonsu take yi: ta zuba busasshen waken a buhu rabi, ta ɗaure bakin, ta ba kowa sanda ta ce su daka. Yaron da kullum ake ce masa bari, yau an ce ya doki abu iya ƙarfinsa. Daga nan babba ta shiƙe, su kuma su zauna tsintar tsakuwa a faifai. Washegari a yi ɗanwake ko alale da shi, a faɗa a gaban kowa cewa waken wane ne ake ci.

Wajen ajiya ki kula. Ƙwayar maganin ƙwarin nan da ake jefawa cikin buhun wake tana fitar da iska mai guba, ta sha halaka mutane a ɗakin da aka ajiye buhun. Gidan da yake da yara bai kamata ta shiga ba. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki cika jarka mai tsabta har wuya ki toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ko ki sayi buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS. Rashin iska kaɗai ya isa ya kashe ƙwarin.

Gero da dawa kuwa yawancin aikinsu ba na yara ba ne. Girbi akwai kaifi, sussuka akwai ƙaiƙayi, kuma yaron da ƙaiƙayin gero ya shiga wuyansa daren nan babu mai barci. Mai asma ko yawan tari kada ya kusanci masussuka sam. Injin casa ma a yi nesa da shi, bel ɗinsa yana fizgar hijabi da bakin riga. Rabonsu a nan shi ne tumu, in kun dace da geron da bai gama bushewa ba ko kuma maiwa, wadda take nuna daga baya. A ɗora zangarniyar kan garwashi ana juyawa har ta fara ƙamshi tana ɗan fashewa, babba ya murje ta a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayin, ya zuba wa yaro a nasa tafin. Akwai kuma takanɗa da rake. Ki fere musu ki yanka ƙanana, ki tsaya a kai har ƙaramin ya iya tofar da tuƙar.

Abin da dawa take bar wa yara shi ne kara, kuma shi ne kayan wasan da ba a saye. Yawancin iyaye maza sun yi motar kara suna yara, ki sa Abbansu ya tuna. Ana samun busasshen karan dawa mai kauri, a yanka gaɓa-gaɓa, a ɓare ɓawon a tsaga shi siri-siri, a bar totuwar fara mai laushi. Totuwar ita ce mahaɗa, siraran ɓawon su ne ƙusa. A jera totuwa huɗu a yi murabba'i, a soke kusurwoyin da ɓawo, a tayar da ginshiƙai, a yi rufi. Taya kuma a fafe ta daga sakaina ko tsohon silifa, a huda tsakiya, a zura tsinke mai ƙarfi. A ƙarshe a maƙala dogon kara a gaba ya zama sitiyari, yaro yana tafe yana turawa. Ɓarewar aikin babba ne, domin ɓawon kara yana yanka yatsa kamar reza. Sokewa da haɗawa nasu ne. Wa ƙanana a fara da tabarau: a lanƙwasa ɓawo biyu su zama zobe, a soke bakunansu a 'yar guntuwar totuwa a tsakiya, a sa hannaye biyu masu zuwa kunne. Minti kaɗan an gama, ga ɗan shekara uku yana yawo wai shi likita ne. Motar ba za ta yi mako ba za ta karye, kuma ba na gyara musu. Karan yana nan, su sake wata.

A cikin gida, kaka lokacin shanya ne, kuma miyar rani duk yanzu ake tanadinta. Ke ki yanka kuɓewa, su su baza ta a tabarma kada wata ta hau wata. Su zage ganyen zogale da na rama daga jikin itacen. Ganye irin su kuka da zogale a inuwa ake shanya su, in aka sa a rana launin yana ƙonewa ya koma ruwan ƙasa. Gadin shanya ma muƙami ne: a ba ɗan shekara uku kara a ce kada kaza ko akuya ta taɓa, ki ga yadda zai ɗauki abin da zafi. Barkono da attaruhu dai ban da su, hannu yana zuwa ido. Zoɓo ma yana da ƙaiƙayi wajen ɓara, sai dai su jira a dafa.

Akwai wani aikin da nake so kowane yaro ya gani da idonsa, shi ne fitar da zakka. Allah ya ce a ba da haƙƙin amfanin gona ranar girbinsa, a aya ta 141 cikin Suratul An'am. Abin da ruwan sama ya shayar, in ya kai nisabi, ɗaya bisa goma ake fitarwa, na ban-ruwa da wahala kuma ɗaya bisa ashirin. Kakansu yakan sa babbar ta ƙirga dami, duk in ta kai na goma a janye shi gefe. Ta koyi ƙirga, ta kuma ga cewa tun hatsi bai shiga rumbu ba an ware na wasu. Mu da ba mu da gona, in an kawo mana tsaraba sai in ƙulla kaɗan-kaɗan in aike su maƙwabta. Ki koya musu maganar aike tun daga gida: a yi sallama, a durƙusa a gaida, a ce, “Wai in ji Mama, ga wannan babu yawa.” In an ba su tukwici su karɓa da hannu biyu su yi godiya, su kuma kawo miki ki gani.

Da dare, in akwai farin wata, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a zubo gyaɗar ɓara. Hannu yana aiki, baki yana tatsuniya. Ki bar kakarsu ta ce “Ga ta nan, ga ta nanku,” su amsa “Ta zo mu ji ta.” Nawa sun fi son duk wadda Gizo zai sha kashi a ƙarshe. Dambe da kalankuwa da ake yi a wasu garuruwa bayan girbi ba na kai ƙanana, dare ake yi kuma turmutsutsu ya yi yawa. In sun girma Abbansu ya kai su.

Kada daɗin hira ya sa ki manta sauro. Ɗaukewar ruwa ba ta nufin ya tafi, kududdufai suna nan cike, kuma ƙarshen damina zuwa farkon kaka ne zazzaɓi ya fi kwantar da yara. Ki tafi ƙauye da gidan sauronki. Maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba 'yan wata 3 zuwa wata 59, wata-wata daga wajen Yuli zuwa Oktoba, na kwana uku ne kowane zagaye. Masu rabo suna ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannunki yake, don haka in tafiya ta faɗo a tsakani ki sa shi a jaka. Kududdufin kansa a ja musu kunne a kansa, ko don nutsewa ko don tsargiya.

Na san ba kowa ke da ƙauyen zuwa ba, wasu kuma suna da shi amma hanyar ba ta biyuwa saboda rashin tsaro. Kada ki ɗauki yara ki bi hanyar da hankalinki bai kwanta da ita ba don a ciri gyaɗa. Kusan duk abin da na lissafa ana yin sa a tsakar gidan haya. Ki sayi ɗanyar gyaɗa kwano guda, su wanke su tsince. Ki nemi waken da ba a casa ba a wurin matan da suke shigowa da kaya daga ƙauye. Masu sayar da kara da harawa suna nan a bakin kasuwannin dabbobi, dami ɗaya ya ishi yaran layinku gaba ɗaya. In kuna Kano, Abbansu ya ɗauki manyan ranar Asabar ya kai su Dawanau, kan hanyar Katsina, su ga inda hatsin ƙasar nan yake taruwa. Ya riƙe hannunsu da kyau saboda manyan motoci da 'yan dako, ya sa a buɗe musu buhu su bambance gero da dawa da maiwa da riɗi.

Sannan ki yi tanadin baɗi tun yanzu. Ki ware gyaɗa mai kyau da ɓawonta da ɗan wake, yaran su zuba a kwalba su rubuta suna. In ruwa ya zauna a Yuni ko Yuli, a cika tsohon bokiti ko buhun siminti da ƙasa da taki, a huda ƙasansa, kowa ya shuka nasa. Wake mai saurin nuna yana yi cikin kwana 60 zuwa 70, gyaɗa kuma wata uku zuwa huɗu. Wa gyaɗa ki zaɓi mazubi mai faɗin baki, domin tsinken nan ya samu ƙasar da zai nutse.

Wajen tsakiyar Nuwamba iska za ta juya, ki ga leɓɓansu sun fara bushewa. Daga nan a mayar da wankan yara zuwa hantsi ko da rana, da ruwan ɗumi, a shafe su da man kaɗe tun jikin bai gama bushewa ba, a bi dunduniya da kyau saboda faso. Fita gona da sassafe ta ƙare, sai rana ta ɗaga. A ciro rigunan sanyin bara a gwada, na babba ya koma kan ƙarami. In kuma an hura gawayi don jin ɗumi, a waje ake shan sa, ba a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci.